Me ake nufi da "salon koyo"?

Zauna a fadar ɗaliban likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi gab da jarrabawa, kafin a sauke shayi na biyu za ka ji wani ya ce, "Ni dai sai na ga zane karatu ke shiga kaina." Abin da yake nufi shi ake kira salon koyo, wato hanyar da mutum ya fi son ilimi ya zo masa ta ita.

Rabon da ya fi yaɗuwa shi ne VARK, wanda Neil Fleming, wani malami ɗan New Zealand, ya tsara a 1987. Ya kasa masu koyo huɗu: na gani, na ji, na karatu da rubutu, da na aikin hannu, kuma haruffan farko na sunayensu a Turanci ne suka ba da VARK. Akan amsa ƴan tambayoyi a gaya maka ɓangarenka, kuma da yawa sukan faɗa cikin biyu ko uku.

Sai dai so daban, amfani daban. A 2008 Harold Pashler, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokansa uku sun bi diddigin binciken da aka yi, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa koyar da ɗalibi ta salonsa na ƙara masa fahimta ba. Daga baya aka gwada da ɗalibai fiye da 400 masu karatun sassan jiki a Jami'ar Indiana ta Amurka. Waɗanda suka bi salonsu ba su ɗara sauran maki ba.

Ni ban yi mamaki ba, don a likitanci cuta ce ke zaɓa maka salo. Ƙurajen ƙyanda sai ido. Kukan ƙirjin mai ciwon haƙarƙari sai kunne. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura wa saifa kuwa, ko ka haddace littafin kaf, sai ka ɗora tafin hannu a cikinsa, ƙasan haƙarƙarin hagu, ka jira ya ja numfashi, ka ji bakinta ya tunkuɗo yatsunka. Ranar sitaj, wato koyon aiki a asibiti, ba a tambayarka ko kai na gani ne.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa tsohon sani ne a wurinmu: ka rufe takarda ka kawo da ka, bayan kwanaki ka sake. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ba tare da ya duba ba, ran Laraba kuma a koma tilawar baya.