Tambayoyi da amsoshi kan jam'iyyar Libaral ta Birtaniya

Daren jiya a teburin mai shayi a Samaru wani ƙanena ɗan ABU ya tsare ni da tambayoyi wai jarrabawa gare su, har shayina ya huce, shi ne na ce bari in rubuto abin da muka tattauna ko wani zai ƙaru.

Yaya, wai su waye 'yan Libaral ɗin nan?

Jam'iyya ce da aka kafa a Birtaniya a 1859. Aƙidarsu dai a taƙaice a sakar wa mutum mara, ya yi addininsa, ya faɗi ra'ayinsa, ya yi kasuwancinsa ba tare da gwamnati ta tsaya masa a wuya ba. Babban jigonsu Gladstone sau huɗu yana zama firaminista.

To me suka tsinana wa talaka?

Nan kam sun taka rawa. Bayan sun lashe zaɓen 1906 da gagarumin rinjaye, a 1908 suka kawo fansho ga tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama, sule biyar duk mako, kar ka raina, tsohon da ba shi da kowa wannan ne abincinsa. A 1909 ministan kuɗi Lloyd George ya kawo kasafin da ya ɗora haraji kan attajirai da masu manyan filaye, majalisar masu sarauta ta yi fatali da shi don su abin zai taɓa, aka yi ta dambarwa har zaɓe biyu a 1910, ƙarshe dokar 1911 ta karya lagon majalisar. A shekarar ne kuma suka kafa dokar inshorar lafiya ta ma'aikata.

Mu nan me ya shafe mu?

Ai kuwa ya shafe mu. Lokacin da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914 su ne kan mulki, Asquith ne firaminista, mai kula da ƙasashen mulkin mallaka kuwa Lewis Harcourt, wanda Fatakwal ta ci sunansa. Layin dogon nan da ya ratsa Zariya ya wuce Kano ma a zamaninsu aka shimfiɗa. Ni dai a ganina 'yancin da suke wa'azi bai tsallako teku ba, don ba wanda ya tambayi kakanninmu ko suna so.

Ya aka yi suka faɗi?

Rigimar cikin gida. A 1916 Lloyd George ya ture Asquith, jam'iyya ta dare biyu, jam'iyyar Leba kuma ta kwashe ƙuri'un ma'aikata. Tun 1922 ba su sake fitar da firaminista ba.

Yanzu suna nan?

Suna nan, a 1988 suka haɗe da wata jam'iyyar Birtaniya mai suna SDP, daga baya suka ɗauki sunan Liberal Democrats. A 2010 da kujeru 57 suka shiga gwamnatin haɗaka da David Cameron na jam'iyyar Conservative, shugabansu Nick Clegg ya zama mataimakin firaminista, sai dai sun yi wa ɗalibai alkawarin ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba, sai ga shi da hannunsu an kai shi fam 9,000. A zaɓen 2015 kujeru 8 kacal suka tsira da su, sai a 2024 suka farfaɗo da 72. Da na zo kan maganar kuɗin makaranta ƙanen nawa ajiye kofinsa ya yi, ya ce Yaya ashe har can ma ana yi.