Rigimar kalmar zagin baƙar fata a littattafan makarantun Amurka: daga ina ta taso?

Littafin da ya fi jawo wannan rigima shi ne Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Amurka a 1885, labarin wani yaro farar fata ne da wani bawa mai suna Jim da suka gudu tare suna bin kogin Mississippi. A ciki an ambaci kalmar nan ta zagin baƙar fata mai farawa da harafin N har sau 219.

To amma fa waɗanda suka fara korar littafin ba ita ce ta dame su ba. Laburaren garin Concord a jihar Massachusetts ne ya hana shi tun shekarar da ya fito, wai yaren ciki na 'yan tasha ne, ba tarbiyya. Lokacin babu mai tambayar baƙaƙen fata yadda suke ji. Sai da kotun ƙoli ta haramta ware makarantu bisa launin fata a 1954, yara baƙaƙe suka fara zama aji ɗaya da farare, sannan maganar ta canza, don yanzu ga yaron nan a zaune malam yana karanta kalmar da ƙarfi, 'yan aji suna waigowa suna kallonsa. A 1957 hukumar ilimi ta birnin New York ta cire littafin daga jerin littattafan firamare da ƙaramar sakandare. A 1982 kuma John Wallace, wani baƙar fata ma'aikacin makaranta a Virginia, ya ce littafin sharar wariya ce kawai, kuma makarantar da yake aiki sunan Mark Twain ɗin ma take ɗauke da shi.

Babbar hayaniyar ita ce ta 2011. Farfesa Alan Gribben da kamfanin NewSouth Books suka buga sabon bugu, duk inda kalmar take suka sa "bawa". Hujjarsa ita ce malamai sun daina koyar da littafin gaba ɗaya saboda ita, gara a gyara da a rasa. Niyyarsa mai kyau ce na yarda, amma wallahi gyaran ɓarna ya yi. Akwai wurin da uban yaron cikin labarin, wani mashayi, yake ta kumfar baki a kan wani baƙar fata daga Ohio, ɗa ne ba bawa ba, farfesa ne ma kuma yana jefa ƙuri'a. Zagin nan shi ke nuna maka cewa ko ka samu 'yanci da ilimi ba su ɗauke ka mutum ba, in ka goge shi ai mai zagin ka wanke, shi kuma yaron da ke aji ka ɓoye masa abin da aka yi wa kakanninsa.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a karanta kawai kowa ya jure. Wa ke jurewar? Ɗan shekara 13 da yake shi kaɗai baƙi a aji. A bar rubutun yadda yake, a kai shi manyan aji, malam ya yi bayani tukuna, kuma kar a tilasta wa kowa furta kalmar.

Wasu makarantun ma wata hanya suka bi. A 2018 gundumar Duluth ta jihar Minnesota ta cire shi tare da littafin To Kill a Mockingbird, wanda shi ma akwai kalmar a cikinsa, daga karatun dole, amma ta bar su a laburare, ba ta taɓa ko harafi ɗaya ba.