Waiwaye: daga zoben ƙarfen Faraday zuwa wutar Birnin Kebbi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran janareta a Birnin Kebbi ya ga yadda yake naɗa wayar jan ƙarfe yana ƙirga zagayen a bakinsa. In ƙirgen ya kuskure, ko dai wuta ta fito ba ƙarfi, ko ta ƙona kayan mutane. Ƙirgen nan ya kusa shekara 200 da samun asali.

A 1820 wani malami a Danmak, Oersted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan lantarki ya bi ta wayar da ke kusa da ita. Michael Faraday na Ingila, ɗan maƙeri wanda bai yi zurfi a makaranta ba, ya juya tambayar: tunda lantarki na haifar da maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifi lantarki?

Ya daɗe yana gwadawa a banza. Sai ranar 29 ga Agusta, 1831 ya naɗa waya biyu a gefe biyu na wani zoben ƙarfe, ɗaya ya haɗa da batir, ɗaya da ma'auni. Allurar ma'aunin ta zabura lokacin da ya haɗa batir, ta koma ta kwanta, ta sake zabura da ya cire. A tsakani, shiru. A watan Oktoba ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗin waya, ya ga abu ɗaya: in sanda tana motsi akwai wuta, in ta tsaya babu. Ashe canjin ƙarfin maganaɗisun ne ke haifar da ita. Saurin canjin da yawan zagayen waya su ke ƙayyade ƙarfinta, wannan ita ce dokar Faraday, zagayen kuwa shi ne abin da mai gyaranmu yake ƙirgawa. Joseph Henry a Amurka ma ya gano haka a kusan lokaci guda, Faraday ne dai ya riga shi wallafawa.

Mu nan abin ya iso mu ta Kogin Kwara. An kammala madatsar Kainji a 1968, tafkinta ya tashi dubban mutane daga garuruwansu, ciki har da na ƙasar Yawuri, kuma bai kamata a manta da su ba duk lokacin da aka kunna ƙwai. A Kainji ruwa ke juya maganaɗisu kusa da naɗin waya, wutar ta biyo layi mai bolt 330,000 zuwa Birnin Kebbi. Tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wato kullum cikin canji take, shi ya sa taransifomar unguwa, mai naɗin waya biyu kamar zoben Faraday, ke iya rage ta zuwa abin da fanka za ta ɗauka. Wutar batir ba ta kai da komo, taransifoma ba ta aiki da ita.

Yana damuna in ga ɗalibin sakandare ya haddace dokar Faraday tsaf, alhali bai taɓa leƙa rumfar da ake aiki da ita a bakin layinsu ba.