Ekzosom: kada ku miƙa hannu ga allurar da ba a gama gwadawa ba

Jama'a, ana ta tallata wata allura a intanet da sunan "ekzosom", wai tana tsirar da gashi, tana gyara fata, tana raba mutum da ciwon gwiwa. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, abin yana damuna ƙwarai, domin akwai binciken gaske a kai, kuma da shi 'yan kasuwa ke fakewa.

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, waɗanda su ne ake kira ekzosom, masu girman nanomita 30 zuwa 150, ƙanƙantar da ko madubin likita na yau da kullum ba ya kamawa. A 1983 masu bincike a Kanada da Amurka suka gano su a jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa, aka daɗe ana ɗaukar su shara ce da ƙwayar ke zubarwa. Sai a 2007 masana a Suwidin suka nuna cewa suna ɗauke da RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon umarni a cikin ƙwayar halitta, wata ƙwayar ta karɓa ta yi aiki da shi. Ashe wasiƙa ce cikin ambulan.

Daga nan tunani ya zo: me zai hana a ɗura musu magani, a liƙa musu alamar inda za su sauka? A 2011 masana a Jami'ar Okusfod suka yi haka a jikin ɓeraye, jakunkunan suka tsallake shingen da ke hana yawancin magunguna shiga ƙwaƙwalwa, suka rage wani sinadari mai alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer. Wannan babban ci gaba ne, amma fa a ɓeraye. Tace jakunkunan da tsabta aiki ne mai wuya, na yau ba lallai su yi daidai da na gobe ba, kuma hanta da saifa suna kwashe da yawansu daga jini tun kafin su isa.

A Disamban 2019 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wasu mutane a jihar Nebraska sun kwanta rashin lafiya mai tsanani sakamakon irin wannan allura, ta kuma ce babu wani maganin ekzosom da ta amince da shi.

Don Allah, duk wanda ya kawo muku ita, ku tambaye shi daga ƙwayoyin wa aka tace ta, kuma wace hukuma ta yi mata rajista. In ya ce gwaji ne, ya nuna muku takardar izinin binciken, ku kai wa likitanku ya duba kafin a taɓa jikinku.