Masu son koyon haɗa manhajar waya, ga amsoshin, don Allah a bar maimaita min

Kotlin ko Java, da wane yaren rubuta kod zan fara?
Kotlin. Tun 2019 Google ta ce shi ta sa a gaba wajen Android. Java na nan ba ta mutu ba, amma kai da kake farawa yau ba ruwanka da wannan musun.

Sai na iya lissafi sosai?
A'a. Turanci ne dai sai ka ɗan iya karantawa, don in kod ya ƙi aiki da shi zai yi maka ƙorafi.

Wai mene ne class da object ɗin nan?
Ka ga ƙarfen da masu buga bulo ke cika wa yashi da siminti? Shi ne class, bulon da ya fito kuma object. Sau ɗaya za ka rubuta class ɗin Dalibi, ka ce yana da suna da aji da maki, sai ka yi ta fitar da ɗalibai, kowa da nasa sunan. Inheritance kuma, wato wani class ya gaji kayan wani, bari sai ka zauna da wannan tukuna, gaggawar me kake yi?

Laftof ɗina RAM 4GB ce, zan iya?
To, a nan sai an yi a hankali. Android Studio, wanda a cikinsa ake haɗa manhajar Android, 8GB yake so a ƙalla, da 4GB zai iya buɗewa amma Gradle, mai harhaɗa kod ɗinka ya zama manhaja, sai ya sa ka sha shayi ka dawo bai gama ba, balle ka kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta, nan kam komai zai daskare. Ni dai shawarata ka manta da wayar gwajin, ka ɗauko wayarka ta hannu, ka shiga About phone ka danna Build number sau 7, Developer options zai bayyana, a nan ka kunna USB debugging don kwamfuta ta iya gwada manhajarka a wayar, ka jona da kebul mai kyau, ba irin na caji kawai ba. In laftof ɗin na karɓar ƙarin RAM ko SSD (ma'ajiya mai sauri) ka sa, wasu sukan farfaɗo, wasu kuma tsufa ya riga ya cinye su, sai mai gyara ya duba. Sannan ranar farko ka tanadi data da wuta, Android Studio na sauke kaya da yawa. In duk bai yiwu ba kar ka karaya, Kotlin Playground, shafin gwada kod, na aiki a burauza, ya ishe ka koyon class da function (guntun kod mai yin wani aiki) kafin Allah ya hore.

iPhone fa?
Yarenta Swift ne, kuma Xcode, wanda a cikinsa ake haɗa manhajar, sai a kwamfutar Mac. Kana da ita?

Wata nawa zan fara samun kuɗi?
Haba malam! Ko maɓalli ɗaya ba ka sa ya danna ba. Rajistar Play Console, inda ake ɗora manhaja zuwa Play Store, ma kai za ka fara biya, dala 25. Je ka haɗa min kalkuleta mai aiki, sannan mu yi wannan maganar.