Hawan Jini: Kulawar Jinya da Sauyin Salon Rayuwa

Hawan jini yanayi ne da ƙarfin da jini yake matsa bangon jijiyoyi da shi ya wuce ƙima, kuma ya zauna a haka. Lambobi biyu ake karantawa wurin awo. Ta sama ita ce matsin da ake samu lokacin da zuciya ta takura ta harba jini, ta ƙasa kuwa matsin da ya rage ne sa'ad da ta saki tsakanin bugu da bugu. Ma'aunin shi ne milimita na zaiba, wanda ake taƙaitawa mmHg. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka tarar lambar sama ta kai 140 ko fiye, ko ta ƙasa ta kai 90 ko fiye. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80 a shekarar 2017.

Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna masu cutar sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Kusan rabinsu ba su san suna da ita ba, kuma kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai jininsa ya daidaita. A wurin akasarin majinyata, wajen tara cikin goma, ba a samun wani sanadi guda da za a nuna da yatsa: gado ne da shekaru da ƙiba da yawan gishiri da zaman wuri ɗaya suke haɗuwa. Sauran kuwa wata cuta ce take tayar da jinin, kamar ciwon ƙoda, ko wani magani da suke sha.

Abin da ya sa wannan cuta ta buƙaci jinya ta musamman shi ne shirunta. Mutum yana iya yin shekara goma da ita bai taɓa jin ko ciwon kai ba, alhali tana nan tana ƙanƙantar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana kaurara tsokar zuciya, tana lalata matatar ƙoda da jijiyoyin ido. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alama ta farko. Mai zazzaɓi jikinsa ne yake tuna masa da magani. Mai hawan jini ba shi da mai tuni sai awo da kuma wanda yake bibiyarsa. Nan ne aikin ma'aikatan jinya yake.

Awo

A 1733 Stephen Hales na Ingila ya fara auna matsin jini, ta hanyar jona dogon bututun gilashi da jijiyar doki. Maɗaurin dantse mai kumbura da iska Scipione Riva-Rocci na Italiya ne ya fito da shi a 1896, sannan a 1905 likitan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano sautukan da ake saurara a gwiwar hannu don karanta lambobin biyu. Yau na'urori masu karanta kansu sun yawaita, amma kuskuren awo bai kau ba, domin mafi yawansa daga yadda aka zaunar da mutum yake, ba daga na'ura ba.

Ana so majinyaci ya kauce wa taba da gahawa da motsa jiki na rabin sa'a kafin awo, ya kuma zubar da fitsari. Ya zauna minti biyar shiru, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa ba tare da ya harɗe su ba. A ɗora hannun a kan wani abu daidai tsayin zuciya, a ɗaura maɗaurin a kan fata ba bisa riga ba. Ba a magana lokacin awo, daga mai awon har wanda ake aunawa. Kowane ɗaya daga waɗannan, in an yi sakaci da shi, yana ƙara wa lambar 'yan maki, kuma idan suka taru suna iya sa a ɗora mai lafiya a kan magani. Girman maɗaurin ma ba abin wasa ba ne: jakar iskar da ke cikinsa ya kamata ta zagaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na dantse. Ƙaramin maɗauri a kan hannu mai kauri yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake.

A zuwan farko ana auna hannu biyu, daga nan sai a riƙa amfani da wanda ya fi hawa. Ana maimaita awo aƙalla sau biyu, da tazarar minti ɗaya ko biyu. Tsofaffi da masu ciwon sukari da masu kukan jiri kuwa, ana auna su a kwance ko a zaune sannan a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku na miƙewa, akwai haɗarin faɗuwa, kuma sai an sanar da likita.

Akwai waɗanda jininsu yake hawa a asibiti kawai saboda fargaba, akwai kuma waɗanda yake kwanta musu a asibiti ya hau a gida. Na biyun sun fi haɗari, tunda su ake sallama da cewa lafiya lau. Awon gida ne yake warware wannan: sau biyu da safe kafin magani, sau biyu da yamma, har kwana bakwai, a ajiye sakamakon ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. A gida iyakar ita ce 135 bisa 85. Koya wa majinyaci wannan awo, da duba na'urarsa a gwada ta da ta asibiti, yana daga cikin ayyukan jinya mafi amfani. Gani ya kori ji: wanda ya ga lambobinsa suna sauka da idonsa ya fi riƙe magani.

Bincike da bibiyar magani

Bayan awo, ma'aikaciyar jinya tana ɗaukar tarihi: ko akwai hawan jini ko shanyewar jiki a dangi, yadda mutum yake ci da barci, ko yana shan taba ko barasa. Tana auna nauyi da tsayi da faɗin ƙugu, ta duba kumburin ƙafa da yanayin bugun jijiya. Gwaje-gwajen da aka saba yi sun haɗa da na fitsari, na aikin ƙoda, na sukari da kitsen jini, da hoton bugun zuciya. Tambaya guda da ake yawan mantawa ita ce ta magungunan da mutum yake saya da kansa. Masu kashe ciwo irin su ibufurofen da daikulofenak, wasu magungunan mura masu buɗe hanci, ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, duk suna iya tayar da jini ko su rage ƙarfin maganinsa.

Manyan rukunonin maganin farko uku ne. Akwai masu sa fitsari don rage gishiri da ruwa, kamar indafamaid. Da su ake lura da raguwar fotasiyam a jini, wato wani sinadari da tsoka da zuciya suke buƙata don aikinsu. Akwai masu sassauta bangon jijiya, kamar amlodifin, wanda yakan kumbura idon sawu. Akwai kuma masu toshe sinadaran da ke takure jijiya, kamar lisinofiril da losatan. Lisinofiril yakan jawo busasshen tari, kuma a wasu 'yan kaɗan yana kumbura leɓe da harshe, wanda lamari ne na gaggawa. Shi da losatan ba a ba mai ciki. Masu rage saurin zuciya irin su atenolol kuwa ba a yanke su farat ɗaya.

Sanar da majinyaci waɗannan tun farko shi ne yake hana shi jefar da magani a ɓoye. Mutane da yawa suna daina sha cikin shekarar farko, kuma dalilansu ba na wauta ba ne: wani ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, wani tari ya hana shi barci, wani kuɗi ne suka yanke, wani kuma ƙarfinsa na namiji ya ragu ya ji nauyin faɗa. Faɗa da tsoratarwa ba sa fito da waɗannan dalilai. Tambaya cikin natsuwa, irin "a makon da ya wuce, sau nawa maganin ya kuɓuce?", ta fi samun gaskiya. Idan dalilin ya fito, yawanci akwai mafita: a canja magani, a haɗa biyu cikin ƙwaya ɗaya, a ɗaura shansa da wani abu da mutum yake yi kullum. Abin da ya kamata ya zauna a zuciyar majinyaci shi ne maganin yana riƙe jini ne, ba ya kawar da cutar. Saukar lamba shaida ce cewa yana aiki, ba izinin dainawa ba. Ribar kuwa babba ce. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje fiye da ɗari, aka buga a mujallar Lancet a 2016, ya nuna saukar da lambar sama da 10 yana rage haɗarin shanyewar jiki da kashi 27 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 13.

Sauyin rayuwa

Gishiri ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, amma matsakaicin abin da ake ci a duniya ya ninka haka. Ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ake nufi ba. Akwai wanda yake ɓoye cikin burodi da abincin gwangwani da naman da aka sarrafa da sinadaran ɗanɗano. A jikin kwalin abinci sodiyam ake rubutawa, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kuma giram ɗaya na sodiyam daidai yake da giram biyu da rabi na gishiri. Ragewa a hankali ta fi dorewa, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Yana da kyau a yi wannan bayani a gaban mai dafa abincin gidan, ba majinyaci shi kaɗai ba.

Tsarin cin abinci da ake kira DASH, wanda aka gwada a Amurka aka buga sakamakonsa a 1997, ya ginu ne a kan yawaita kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da hatsi marar surfe da dangin wake da madara marar maiƙo sosai, tare da rage jan nama da kitse da zaƙi. A masu hawan jini ya saukar da lambar sama da kimanin 11, ta ƙasa da kimanin 5 da rabi, cikin mako takwas, wanda ya yi kusa da aikin ƙwayar magani guda. Wani ɓangare na sirrinsa fotasiyam ne. Sai dai a nan akwai tarko: mai ciwon ƙoda, ko mai shan lisinofiril ko losatan, fotasiyam yana iya taruwa a jininsa ya hargitsa bugun zuciya, don haka kada ya koma gishirin fotasiyam, wanda ake amfani da shi a madadin gishirin yau da kullum, sai da shawarar likita.

Rage ƙiba yana saukar da lambar sama da kusan maki ɗaya a kowane kilo. Motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke ko iyo, na aƙalla minti 150 a mako, yana saukar da ita da 5 zuwa 8. Wanda bai saba ba ya fara da minti goma ya riƙa ƙarawa, wanda jininsa ya yi tsananin hawa kuwa a fara daidaita shi tukuna. Barasa tana tayar da jini, rage ta ko barinta yana saukar da shi. Taba tana lalata jijiyoyin da hawan jini ya riga ya raunana, shi ya sa barinta ya fi kowane sauyi rage haɗarin ciwon zuciya ga mai shanta. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa yake yankewa cikin barci, ya wuni yana gyangyaɗi, ya kamata a bincike shi, domin wannan yana daga cikin abubuwan da suke sa jini ya ƙi jin magani.

Kuskuren da ake yi shi ne a zuba wa mutum duk waɗannan a zama ɗaya. Ya fi kyau ya zaɓi ɗaya ko biyu da yake ganin zai iya, a sa masa ma'auni, a duba a zuwa na gaba.

Gaggawa da juna biyu

Idan awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko raunin ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko harɗewar magana, ko dishi-dishin gani, ko ruɗewa, asibiti za a nufa nan take. Can ma ba a faɗar da jini gaba ɗaya. A mafi yawan lokuta ba a wuce rage kashi 25 cikin ɗari a sa'ar farko, saboda saukar gaggawa tana iya hana ƙwaƙwalwa da ƙoda jini. Ma'aikatan jinya suna maimaita awo a kai a kai, suna lura da hayyacin majinyaci da yawan fitsarinsa.

Mai juna biyu hukuncinta daban. Hawan jinin da ya bayyana bayan mako 20, musamman tare da furotin a fitsari ko ciwon kai mai tsanani ko ciwo a saman ciki, yana iya kai wa ga jijjiga. Magungunan da ake ba ta su ne metildofa da labetalol da nifedifin, kuma ana ci gaba da awo bayan haihuwa.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun amince ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna su ba da maganin hawan jini, muddin sun samu horo da izini, suna bin tsari rubutacce, kuma likita yana sa ido. Burin da aka sa shi ne ƙasa da 140 bisa 90, ga masu ciwon zuciya kuma lambar sama ƙasa da 130. Ana ganin majinyaci kowane wata har jininsa ya kai inda ake so, daga nan sai duk bayan wata uku zuwa shida, wanda bai zo ba kuma a neme shi.