Rizobiya: ƙwayoyin da ke zaune a saiwar gawo

Duk manomin da ya taɓa tumbuke gyaɗa ko wake ya ga wasu 'yan ƙululai manne da saiwa, kamar ƙwayar gero ko ta dawa. Irinsu ne a saiwar gawo da bagaruwa da dakwara. Abin da ke zaune cikinsu shi malaman gona ke kira rizobiya, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta "mai rayuwa a saiwa". Bakteriya ce, ido ba ya ganinta.

Aikinta ciniki ne. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da ake sayen buhun yuriya dominsa, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Rizobiya tana juya shi ya zama abin da saiwa za ta sha, ita kuma bishiya ta biya ta da sukari da wurin kwana. In ka fasa ƙululu ka ga cikinsa jaja-jaja, aiki na tafiya. In ya yi kore ko fari, ko dai ya tsufa ko bai fara ba. Kuma ba kowane kumburi ne ƙululu ba: na rizobiya yana ɓallewa da farce, na tsutsar ƙasa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Tsamiya ma, duk da dangin wake ce, ba ta yin ƙululai.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara raba ƙwayar da ƙululunta ya rene ta a ɗakin gwaje-gwaje a 1888, kuma hanyar ba ta sauya sosai ba har yau. Ana tsoma ƙululun cikin sifirit na 'yan daƙiƙu, sannan cikin ruwan bilic na 'yan mintuna, a ɗauraye da dafaffen ruwa sau biyar ko shida. A nan yawanci ake kuskure, don ƙazantar bayan ƙululu ta fi rizobiya saurin tsiro, sai ta cinye farantin. Daga nan a murƙushe shi, a ja ruwansa a kan farantin da aka zuba wa abinci mai daskarewa, haɗin yis da wani sukari mai suna manitol, da ɗigon jan rini. A ajiye a zafin digiri 28. Rizobiya ba ta cika shan rinin ba, sai ta fito fara-fara, mai yauƙi kamar kuɓewa. Masu sauri kwana 3 zuwa 5, masu nawa irin Bradyrhizobium, waɗanda gawo ya fi so, sukan kai mako guda ko fiye.

Matsalar bishiya daban take da ta wake. Babban gawo da wuya ka sami ƙululai a saiwoyinsa na sama. A Senigal, masu bincike sun tarar da waɗannan ƙwayoyi fiye da mita 30 ƙarƙashin gawo, kusa da ruwan ƙasa. Shi ya sa ake ɗana tarko: a ɗebo ƙasar gindin bishiyar, a shuka irinta a ciki, tsiron ya kamo ƙwayoyin da kansa.

Ni a ganina, farin yauƙi a faranti bai isa shaida ba, don akwai ƙwayoyi da dama masu wannan kama. Sai an mayar da ita kan sabon tsiro cikin yashin da aka dafa, babu takin naitirojin ko kaɗan. In ƙululai sun fito, ganye ya yi shar alhali tsiron da ba a sa wa ba ya yi rawaya, to sannan ne ake yawaita ta a gauraya da iri kafin shuka, kamar haɗin rizobiya mai suna NoduMax da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi wa waken soya.